Amanar Alama: Ra'ayi a Kan Rubuta Ƙarfin Ba-Zata a Kiɗan Fiyano

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littafin sonatocin fiyano na Ludwig van Beethoven, ko da bai iya karanta ɗigo ɗaya na rubutun kiɗan Turawa ba, idonsa zai yi ta cin karo da wasu ƙananan haruffa biyu da ke kwance tsakanin layukan hannun dama da na hagu, wato sf. A littattafan Joseph Haydn da Franz Schubert da Fryderyk Chopin kuwa, fz zai fi gani. A wasu wuraren zai tarar da sfz, ko fp, ko rf, ko kuma wata alama mai kama da bakin kibiya, wato >, a saman ɗigo. Dukkansu suna isar da saƙo makusancin juna: wannan sauti ya fita daban da maƙwabtansa, a buge shi da ƙarfin da mai sauraro bai zata ba.

Littattafan koyar da ƙananan ɗalibai sukan jera waɗannan alamomi a jadawali, su ce wannan ta fi waccan ƙarfi, waccan kuma ta fi ta gabanta, tamkar yadda ake jera mudu da tiya da buhu. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne cewa jadawalin yana ɓatar da mai karatu. Ma'anar alamar ba-zata tana rataye ne a kan abubuwa uku: wanda ya rubuta ta, irin fiyanon da yake ji a kunnensa lokacin da yake rubutu, da muhallin da alamar ta faɗo a cikinsa. Saboda haka, editan da ya daidaita alamomin ya mayar da su iri ɗaya, ko ya warware shubuhar da ke cikinsu ba tare da ya sanar da mai karatu ba, ya taɓa amanar da aka damƙa masa.

Mai yiwuwa manazarcin Hausa ya tambayi abin da ya haɗa shi da wannan batu na birnin Vienna. Amsar za ta zo kusa da ƙarshe, amma a taƙaice ita ce: tambayar abin da ya halatta edita ya yi da rubutun wanda ya riga mu gidan gaskiya tambaya ce da muke fuskanta kullum a sashenmu.

Abin da Fiyano ke Iyawa da Abin da ba ya Iyawa

Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera fiyano na farko a birnin Florence na ƙasar Italiya wajen shekarar 1700. Kafin nan, kayan kiɗa mai madannai da ake ji da shi a fadojin Turai shi ne hafsikod, wanda ke fizgar tsirkiya da ɗan tsinke. Ko makaɗi ya danna da ƙarfi ko a hankali, amon da ke fita kusan ɗaya ne. Cristofori ya maye gurbin tsinken da 'yar guduma, sai ya zamana yatsa na iya fitar da amo mai taushi ko mai ƙarfi. Daga nan sunan ya samo asali, domin piano da forte a harshen Italiyanci suna nufin taushi da ƙarfi. Scipione Maffei ya wallafa bayanin wannan ƙira a 1711, kuma har yau akwai fiyano uku na hannun Cristofori, na 1720 da 1722 da 1726, a biranen New York da Rum da Leipzig. Kiɗan farko da aka buga a maɗaba'a musamman domin sabon kayan shi ne sonatoci 12 na Lodovico Giustini, a 1732.

Sai dai wannan baiwa tana da iyaka, kuma iyakar ce tushen duk matsalar da muke magana a kai. Idan yatsa ya danna madanni, gudumar takan kuɓuce masa kafin ta isa ga tsirkiya, ta doke ta cikin ƙiftawar ido, ta koma. Saurin da gudumar ta tashi da shi ne ke yanke ƙarfin amon. Bayan dukan, amon sai dai raguwa. Mai goge ko mai algaita yana iya fara sauti a hankali ya ƙara masa ƙarfi a tsakiya, ko ya fara da ƙarfi ya sassauta nan take. Mai fiyano ba shi da wannan dama. Abin da ke hannunsa kaɗan ne: saurin yatsa, da fedar da ke ɗage matsan tsirkiya domin amo ya ci gaba da kaɗawa, da tausasa sautukan da ke kewaye, da kuma ɗan jinkiri ko ɗan jan lokaci a kan sautin da ake son ya fito. Wannan na ƙarshe shi ne abin da masanin nan Bajamushe Hugo Riemann ya yi wa suna ya kuma yi bayaninsa a littafinsa na 1884. Ke nan, idan mawallafi ya rubuta sf, ya faɗi abin da yake son kunne ya ji, ya bar wa makaɗi zaɓin hanyar da zai bi.

Bugu da ƙari, fiyanon kansa ya sauya. Wanda Beethoven ya tsara sonatocinsa na farko a kansa yana da madannai 61, gangar jikinsa ta katako ce, gudumominsa ƙanana ne masu rufin fata. Amonsa yana fita da kaifi, ya mutu da wuri. Fiyanon dandali na yau yana da madannai 88, da ƙashin ƙarfe da ke ɗauke da jan tsirkiyoyi na kusan tan 20, da manyan gudumomi masu rufin matsattsen ulu. Alpheus Babcock ya yi rajistar ƙashin ƙarfe na bai-ɗaya a Boston a 1825, kamfanin Steinway kuma ya yi rajistar tsarin gitta tsirkiyoyi na babban fiyano a 1859. Amon wannan sabon kaya yana da kauri, yana kuma daɗewa. Alamar da ke kan takarda ba ta motsa ba, amma kayan da za ta yi aiki a kansa ya zama wani abu dabam.

Haruffan da Ma'anarsu

Haruffan sf da sfz gajarce kalmar sforzando ko sforzato ne, fz kuma na forzando ko forzato. Dukkansu daga saiwa ɗaya suke, mai ma'anar tilastawa ko matsawa. Haruffan rf ko rfz na rinforzando ne, wato ƙarfafawa, kuma sau da yawa sukan shafi sautuka da dama a jere maimakon guda. Alamar fp tana cewa a buga da ƙarfi, a koma taushi nan take.

Abin lura shi ne, a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, bambancin sf da fz galibi bambancin hannu ne. Haydn ya saba da fz, Beethoven wanda ya yi karatu a wurinsa ya saba da sf, Schubert da ya rayu a gari ɗaya da Beethoven ya fi amfani da fz. Wanda ya ce fz ta Schubert ta fi sf ta Beethoven ƙarfi, ko ta gaza ta, don kawai jadawali ya ce haka, ya ɗora wa mutanen biyu dokar da ba su san da ita ba. Daga baya ne wasu mawallafa suka gina wa kansu matakala. Béla Bartók ɗan ƙasar Hangari ya bambanta sff da sf da ^ da >, ya kuma yi bayanin matakan alamominsa a littattafan koyarwa da ya shirya. Wanda ya ga sff a kiɗansa mai suna Allegro barbaro na 1911 yana da hujjar ɗaukarta a matsayin duka mafi tsanani. Matakalar Bartók gaskiya ce a gidan Bartók. Kuskuren shi ne a ɗauke ta a jingina ta a katangar mutanen da suka mutu kafin a haife shi.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci, shi ne muhalli. Alamar sf da ta faɗo a wurin da aka ce a yi taushi ba daidai take da wadda ta faɗo a tsakiyar guguwar ff ba. Gyaran murya a zauren da kowa ya yi tsit ya fi ihu a tsakiyar kasuwar Kurmi jan hankali. Alamar tana auna tazarar da ke tsakanin sauti da maƙwabtansa ne, don haka duk wanda ya ba ta ƙara guda tsayayya a ko'ina ya raba ta da aikinta.

Misalai Biyu Daga Beethoven

Misali na farko shi ne sonata mai lamba ta 13 a jerin ayyukansa, wadda aka fi sani da Pathétique, da aka buga a Vienna a 1799 aka kuma sadaukar wa Yarima Karl Lichnowsky. Tana buɗewa da dunƙulen sautuka masu nauyi da ake riƙewa na ɗan lokaci, a ƙarƙashinsu an rubuta fp. Idan aka bi zahirin haruffan, umarnin ba ya yiwuwa, tunda mun ga cewa makaɗi ba ya iya taɓa amo bayan guduma ta doka. A fiyanon zamanin Beethoven kuwa, kayan da kansa yake cika umarnin: amon yana fashewa, ya zube da sauri, har sautukan taushi da ke biye su samu sararin fitowa. A fiyanon yau amon yana tsayawa da kaurinsa. Makaɗa sun rabu a kan mafita. Wasu sukan jira har amon ya lafa, wasu sukan ɗan saki madannai ko feda domin su rage shi da gangan, wasu kuma sukan rage ƙarfin dukan tun farko. Kowace hanya tana da riba da hasara. Editan da ya ga fp ba ta yiwuwa, ya gyara ta ta koma f a kan dunƙulen da p a kan abin da ke biye, ya sauƙaƙa wa ɗalibi, amma ya share shaidar da ke nuna irin amon da Beethoven ke nema. Rubutun hannun wannan sonata ya ɓace, ɗab'in farko ne babban madogara, don haka duk gyaran da aka yi a ɓoye yana ƙara nisanta mu da mutumin.

Misali na biyu shi ne kashi na uku na sonatar da ake yi wa laƙabi da Hasken Wata, wadda ta fito a 1802. Kashin yana farawa da umarnin taushi. Sautuka suna hawa da gudu daga ƙasa zuwa sama, sannan su ƙare da dunƙule biyu, na farkonsu ɗauke da sf, a kan bugu na huɗu wanda a al'ada shi ne mai rauni. Beethoven bai rubuta a riƙa ƙara ƙarfi yayin hawan ba. Amma hannun ɗan Adam yana son ya ƙara, domin idan sauti na hawa, jiki yakan bi shi. Makaɗa da yawa sukan ƙara ƙarfin a hankali har su isa ga sf, sai ta zama ƙololuwar tudun da kowa ya hango tun daga nesa. Abin da ke kan takarda ya fi haka tayar da hankali: tafasa ce a ƙarƙashin murfi, sai murfin ya yi tsalle sau ɗaya ya koma. Ƙarfin alamar yana fitowa ne daga taushin da ya gabace ta. A nan, wurin da mawallafi ya bari babu alama shi ma umarni ne, domin shiru ma magana ce.

Haka abin yake a wata ɗabi'ar Beethoven da ta shahara, inda yakan ce a yi ta ƙara ƙarfi, sai a daidai inda kunne ke jiran fashewa ya rubuta p. Wannan ma ba-zata ce, ta juyin waina. Duk wanda ya sassauta kafin ya isa wurin domin sauyin ya zo da laushi ya kashe ta.

Hannun Schubert da na Chopin

Matsalar Schubert ta alƙalami ce. A rubutun kiɗa, alamar > idan gajera ce a kan ɗigo ɗaya tana nufin a ƙarfafa sautin. Idan aka ja ta ta yi tsawo a ƙarƙashin ɗigogi da dama, tana nufin a riƙa rage ƙarfi sannu a hankali. Siffa ɗaya ce, tsawo ne ya raba su. Schubert yana rubutu da sauri da kuma sakin hannu, alamominsa sukan fito da tsawon da ya wuce na farko bai kai na biyu ba. Ya rasu a 1828 yana da shekara 31, ya bar ayyuka masu yawa da bai ga ɗab'insu ba, balle ya gyara. Masu sassaƙa farantan ɗab'i ne suka yanke hukunci a madadinsa. Tarin ayyukansa da maɗaba'ar Breitkopf da Härtel ta fitar tsakanin 1884 da 1897 ya karanta da yawa daga cikin alamomin a matsayin raguwa. Sabon tarin da aka fara fitarwa a shekarun 1960 ya mayar da da yawansu ƙarfafawa, har wasu masana suna ganin shi ma ya wuce gona da iri.

Wurin da aka fi jin wannan saɓani shi ne sautin ƙarshe na babbar simfoninsa, wadda Felix Mendelssohn ya fara jagorantar kaɗa ta a Leipzig a 1839. Dangane da yadda aka karanta alama guda, aikin da ya kusa kai awa ɗaya zai ƙare ko dai da duka mai ƙarfi ko da amo mai dusashewa. Wannan misalin na ƙungiyar makaɗa ne, amma hannun da ya rubuta shi shi ne ya rubuta sonatocin fiyano, kuma shubuhar tana nan birjik a cikinsu. Mai fiyano da ya sayi littafi ya ga ƙaramar > tsaf-tsaf ba zai san cewa a rubutun asali alamar tana tsaka-tsaki ba, sai idan edita ya gaya masa.

A wurin Chopin kuwa, tsaka-tsakin da gangan ne. Manazarta rubutun hannunsa sun lura cewa yana da gajeriyar alama da doguwa, kuma doguwar tana neman wani nauyi mai taushi da jan rai, irin na mawaƙin da ya jingina muryarsa a kan gaɓa guda, saɓanin duka mai kaifi. Chopin yakan ba da aiki ɗaya ga maɗaba'u uku a lokaci guda, a Faransa da Jamus da Ingila, domin kare haƙƙin mallakarsa, kuma ɗab'o'in uku sukan saɓa wa juna. Masu sassaƙa da ba su san da doguwar alamar ba sukan gajarce ta ko su ja ta ta zama raguwa. Jan Ekier, wanda ya jagoranci ɗab'in ƙasa na ayyukan Chopin a Foland daga 1959 har aka kammala shi a 2010, ya ware wa doguwar alamar siffarta a ɗab'i. Darasin a nan babba ne: abin da ido ya ɗauka rashin tsabtar rubutu ne yana iya zama ƙa'idar da mai ita bai taɓa bayyanawa ba. Wanda ya share ta garin gyara, garin neman gira ya rasa ido.

Daga Edita Zuwa Kwamfuta

A ƙarni na 19 editoci ba su ɗauki ƙari a kan matani a matsayin laifi ba. Carl Czerny, ɗalibin Beethoven, ya fitar da ɗab'in shahararren littafin Johann Sebastian Bach na madannai a 1837, ya cika shi da alamomin ƙarfi da taushi da ba-zata waɗanda Bach bai rubuta ba, yana mai dogaro da tunawa da yadda ya ji malaminsa na kaɗa su. A farkon shekarun 1870 Sigmund Lebert da Hans von Bülow suka fitar da sonatocin Beethoven a Stuttgart, da nasu ƙarin alamomin da shawarwari. Waɗannan littattafai suna da daraja a matsayin shaidar yadda manyan makaɗa na wancan zamani suke ji. Illarsu ita ce, a wurare da yawa mai karatu ba ya iya raba muryar mawallafi da ta edita.

Martani ya zo a ƙarni na 20. Heinrich Schenker ya koma ga rubutun hannu da ɗab'o'in farko, ya fitar da sonatocin Beethoven tsakanin 1921 da 1923. Maɗaba'ar Henle, wadda aka kafa a Jamus a 1948, ta gina sunanta a kan abin da Jamusawa ke kira Urtext, wato matanin asali: abin da edita ya ƙara a sa shi cikin baka ko a ƙananan haruffa, dalilinsa kuma a rubuta shi a bayanan ƙarshen littafi.

A yau barazanar ta sake kama. Yawancin masu rubuta kiɗa suna amfani da manhajojin kwamfuta irin su Sibelius da Dorico da MuseScore, ɗalibai kuma suna sauke takardun da wani ya sake bugawa ya ɗora a intanet ba tare da ambaton inda ya kwafo ba. Manhaja tana ba da alamomi masu ƙayyadadden girma, don haka doguwar alamar Chopin da tsaka-tsakin Schubert sukan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu, sai fa idan mai bugawa ya san da su ya kuma wahalar da kansa. Sannan manhajar tana kaɗa wa mutum abin da ya rubuta. Tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983, yana auna ƙarfin danna madanni da lamba daga 0 zuwa 127. Dole ne a ba sf wata lamba ko wani ƙari a kan lamba. Ɗalibin da ya fara jin sonata daga bakin kwamfuta zai tashi da zaton cewa sf adadi ce. Jadawalin mudu da tiya ya dawo ke nan, wannan karon da murya.

Hujjojin Masu Ja

Akwai hujjoji uku da ya kamata a saurara. Ta farko ita ce ta malamai: yaro ɗan shekara goma yana buƙatar amsa guda, idan aka tara masa saɓanin masana zai rikice. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce a hana littattafan koyarwa ba. Abin da nake nema shi ne littafin ya faɗi sunansa, ya nuna cewa wannan alama ta mawallafi ce, waccan shawarar malami ce. Baka biyu ƙanana ba sa rikita yaro. Abin da ke rikita shi shi ne ya girma ya gano cewa abin da ya haddace a matsayin maganar Beethoven maganar wani ce.

Ta biyu ita ce, ba kowane karkacewar alƙalami ne ke da ma'ana ba. Mawallafa mutane ne, suna gajiya, tawada tana zuba, kuma akwai wuraren da Beethoven ya sa sf a wani sashe ya manta da ita a inda sashen ya maimaitu. Wannan ma gaskiya ne. Amma wa zai tantance mantuwa da niyya? Edita yana da ikon ya ce a ganinsa mantuwa ce, ya ƙara alamar cikin baka. Ba shi da ikon ya rufe ƙofar a kan wanda zai zo bayansa da ilimin da ya fi nasa. Da editocin farko sun bar doguwar alamar Chopin yadda suka same ta, da ba a daɗe haka ba kafin a gane ta.

Ta uku ta fi sauran kaifi: matanin asali shi kansa mafarki ne, tunda duk wanda ya mayar da rubutun hannu zuwa ɗab'i sai ya zaɓa, kuma inda ɗab'o'in farko uku suka saɓa babu asali guda da za a koma wa. Na yarda da wannan baki ɗaya, kuma ina ganin tana ƙarfafa matsayina ne. Tunda zaɓi ba makawa ne, amanar edita ita ce ya yi shi a bainar jama'a.

Inda Batun ya Taɓo Mu

Manazarcin Hausa ya san wannan yanayi ciki da bai. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun boko ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar kuka ta mai hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, haka gari na mazauna da gari na tuwo. Bahaushe yana rarrabewa daga muhalli, kamar yadda makaɗin zamanin Beethoven yake gane nauyin sf daga abin da ke kewaye da ita, domin kunnensa ya riga ya san harshen. Masu ƙamus irin su Bargery a 1934 da Abraham a 1949 sun sa alamomin karin sauti da tsawo saboda suna rubuta wa wanda kunnensa bai sani ba. Yawan alama yana ƙaruwa ne gwargwadon nisan mai karatu da mai magana, kuma wannan ne dalilin da ya sa takardun Bartók suka fi na Haydn cika da umarni.

Kamancin ya fi fitowa a aikin juya waƙoƙin ajami zuwa boko. Ajami yana nuna dogon wasali, boko ba ya nunawa, alhali karin rubutacciyar waƙa yana tafiya ne a kan nauyin gaɓa da sauƙinta. Mai juyawa yakan tarar da kalmar Sakkwatanci ya mayar da ita daidaitacciyar Hausa, ko ya ga wasalin da aka ja inda ba a saba ja ba ya ɗauka kuskuren mai kwafe ne, alhali wataƙila marubucin ya ja shi ne domin kari ya tsaya. Ko kuma ya samu kwafe uku masu saɓani ya haɗa su ya fitar da matani guda mai santsi, bai faɗi inda ya ɗauko kowane ɗango ba. Wannan shi ne aikin da mai sassaƙa ya yi wa alamar Schubert. Abin da masu nazarin kiɗan Turai suka koya bayan shekaru fiye da ɗari na gyara da warware gyara, muna iya ɗaukarsa ba tare da mun biya irin kuɗin da suka biya ba.

Kammalawa

Abin da nake kira gare shi ba mai wuya ba ne. Edita ya bar haruffan mawallafi yadda ya same su, fz ta zauna fz, sf ta zauna sf. Inda siffar alama take da shubuha, ya zaɓi karatun da ya fi rinjaye a wurinsa, ya sanar, in da hali ya sa hoton rubutun hannun domin gani ya kori ji. Abin da ya ƙara ya fito daban da abin da ya tarar. Malami ya koya wa ɗalibi ya tambayi alama tambayoyi uku kafin ya ɗaga hannu: wa ya rubuta ki, a kan wane fiyano, kuma me ke gabanki da bayanki? Mai tsara sabon kiɗa kuwa ya yi tattalin alamominsa, domin shafin da kowane ɗigo ke ɗauke da sfz ba shi da sauran ba-zata, kuma idan yana da matakala tasa ya bayyana ta a shafin farko kamar yadda Bartók ya yi.

Beethoven da Schubert da Chopin ba sa nan balle a tambaye su abin da suke nufi. Abin da ya rage mana shi ne tawadar da suka bari, da karkacewarta da tsawonta da gajartarta. Haka marubutan waƙoƙinmu na ƙarni na 19 suka bar mana tasu. Wanda aka ba ajiyar irin wannan kaya yana da damar ya faɗi ra'ayinsa a gefen shafi da babbar murya, amma ya miƙa kayan ga na bayansa yadda ya karɓe su.